Na'urar da ke Shinshinar Hayaƙi

Yawancin motocin hayar da ke jigilar mutanen Jangeru zuwa Shinkafi da Ƙaura Namoda tsofaffin 'yan kwatano ne masu injekta. A jikin bututun salansarsu akwai wata 'yar na'ura mai kama da fulogi. Aikinta ta shinshina hayaƙi, ta faɗa wa kwamfutar mota ko fetur ne ya yi yawa ko iska. Volvo ce ta fara sa ta a 1976.

In na'urar ta gaji, sai mota ta kama zuƙar mai, fulogi ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya riƙa yaji a ido. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan asarar daga kuɗin cefanen direba take fita.

Abin da ke damuna shi ne saurin ɗora wa na'urar laifi. Sau da yawa salansa ce ta huje a gabanta, ko wayarta ta ƙone. Shi ya sa nake ganin girman bakaniken da, ko na'urar gwaji ta nuna masa P0171, wato lambar da ke cewa iska ta yi yawa, ba ya gaggawar cewa a sayo sabuwa. Sai ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ƙarƙashin mota, ya lalubo inda iska ke shiga.