KWALBAR HUMRAR AMARYA A FILIN JIRGIN KANO

Wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kodayake akwai amarya a ciki, akwai ango, akwai kuma hawaye. Labarin wata tafiya ce da na yi daga garinmu Gumel, inda na raka 'yar ƙanwar mahaifiyata ɗakin mijinta a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, can yake ƙarin karatu. Ni aka zaɓa 'yar rakiya wai don na fi sauran 'yan matan gidan wayewa tunda ina rubuta littafi. Allah Sarki, da sun san ban taɓa taka matakalar jirgin sama ba sai a cikin littattafan nawa, inda nake kai jarumata Landan in dawo da ita a shafi guda ba tare da kowa ya buɗe mata jaka ba.

Kun dai san halinmu in mutum zai yi tafiya mai nisa. Tun saura mako guda gidan ya cika da 'yan sallama, kuma ba mai zuwa hannu rabbana. Goggo ta zo daga Sule Tankarkar da man shanu soyayye cike da roba, har da albasarsa. Matar Kawu ta aiko daga Gagarawa da zoɓo da riɗi, tana cewa a gaya wa ango daga gonarsu ne. Ranar Alhamis kuwa, da yake ita ce ranar kasuwar Maigatari, ni da Amarya muka tafi da kanmu. Wadda ba ta taɓa zuwa Maigatari ranar kasuwa ba, ta yi ƙoƙari ta je ko sau ɗaya ne. Gari ne a bakin iyakarmu da Nijar, ga raƙuma ga shanu ga tumaki iya ganinki, ga Buzaye da rawunansu idanu kawai ake gani, ƙura kuwa sai da gashin idonmu ya yi fari. Muka sayo cuku da dabino da zuma kwalba guda, muka dawo Gumel bayan la'asar kamar waɗanda aka tono.

Daren tafiya aka zauna shirin kaya a ɗakin Hajiya Kaka, kuma a nan ne muka tafka kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Tunaninmu irin na masu shiga mota ne: abin da ba ka damu da shi sosai ba shi kake bai wa yaron mota ya ɗaure a but, abin da kake ji da shi kuwa a cinyarka yake tafiya. Saboda haka atamfofi da takalma da garin kuka da daddawa aka danna su cikin manyan akwatuna, ita kuma jakar hannu aka cika ta da abubuwa masu daraja. Zuma ta shiga, man shanun Goggo ya shiga don kada ya zube a kan lesuka, sai kuma uwa uba kwalbar humra.

Bari in gaya muku labarin humrar nan. Mahaifiyar Amarya ce ta haɗa ta da hannunta, Allah Ya jiƙanta, shekara biyu kafin bikin. Mu mutanen Gumel da yake asalin sarautarmu na Mangawa ne, muna taɓa harkar ƙamshi irin ta mutanen gabas, ita kuwa marigayiyar gwana ce. Ta soya farce, ta daka sandal, ta zuba miski da turaruka iri-iri, ta toshe bakin kwalbar ta ɓoye a ƙasan adakarta, ta ce ba mai buɗewa sai ranar da 'yarta za ta tare. Ba ta ga ranar ba. Hajiya Kaka da kanta ta naɗe kwalbar a cikin ɗankwali ta miƙa wa Amarya tana cewa, "Ungo 'yar nan, wannan kada ki yarda ta rabu da jikinki har ki shiga ɗakinki." Amarya ta karɓa hannu bibbiyu hawaye na bin kumatunta.

Da asuba muka kama hanya, Kawu ne ke tuƙi, hunturu ya rufe gari ko bishiyar gabanka ba ka gani sosai. Muka biyo ta Gujungu, hantsi bai gama dubawa ba muna cikin Kano. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, kuma abin da ya burge ni, jiragen farko da suka taɓa zuwa ƙasar nan sun sauka a Kano a 1925, daga Masar ɗin nan da za mu je suka taso, na sojojin saman Ingila ne guda uku. Na gaya wa Amarya don ta yi dariya, ko kallona ba ta yi ba, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji.

Aka auna manyan akwatunanmu a sikeli, aka manna musu takarda, muna kallo bel ya tafi da su. Jakar hannu ma tana da nata ƙa'idar nauyi, yawancin kamfanoni kilo 7 ko 8 suke bari, tamu ta tsallake da ƙyar. Muka yi sallama da Kawu, aka duba fasfo, sannan muka iso wurin da ake haska kaya. Kowa ya zuba jakarsa da waya a cikin wani tire, ya wuce ta wata ƙofa da ke ƙara in akwai ƙarfe a jikinsa. Awarwaron Amarya suka sa ta ƙara sai da ta cire. Muna murna mun wuce, sai muka ga an ja jakarmu gefe guda.

Wata jami'a ce doguwa baƙa kyakkyawa, ta sa safar hannu ta zuge zif. Ta fito da zuma ta ajiye. Ta fito da man shanu ta ajiye. Ta fito da ƙaramin almakashina na yanke zare. Sannan ta warware ɗankwalin nan. Cikin sanyin murya ta ce, "'Yan mata, waɗannan ba za su shiga jirgi a hannunku ba."

Na ce, "Haba Anti, man shanu ai ba ruwa ba ne, dubi yadda sanyi ya daskarar da shi."

Ta yi murmushi ta ce duk abin da ake zubawa, ko a shafa, ko a matsa, ko a fesa, a wurinsu ruwa ne. Ta yi mana bayani a tsanake, ni ma daga baya na ƙara bincikawa. A jiragen da ke fita ƙasashen waje, duk wani abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Don ku gane, ledar fiya wata guda mililita 500 ce, to kashi ɗaya cikin biyar nata ke nan. Kuma girman kwalbar ake dubawa ba abin da ya rage a ciki ba, ko da ɗan kaɗan ne a gindin babbar kwalba ba za ta wuce ba. Ƙananan kwalaben kuma a haɗa su cikin leda guda mai nuna abin da ke ciki, wadda ba ta wuce lita 1 ba. Madarar jariri da maganin da mutum zai sha a hanya su ne ake ɗaga wa ƙafa, su ma sai an nuna.

A lokacin haushi kawai nake ji, ina cewa a raina wane irin tsirfa ne wannan, turare zai kashe wani ne? Ashe dokar tana da mafari. A watan Agusta na 2006 'yan sandan Ingila suka kama wasu mutane da suka shirya shiga jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada da ruwan haɗa bam a cikin robobin lemo. Tun daga nan duniya ta ɗauki dokar mililita 100. Hana wuƙa da reza da almakashi mai tsini kuwa ya tsananta ne bayan 11 ga Satumba 2001, lokacin da aka ƙwace jirage huɗu a Amurka da 'yan ƙananan wuƙaƙe. A Disamba na shekarar wani ɗan ƙasar Ingila ya ɓoye bam a takalminsa, shi ya jawo ake sa matafiya cire takalmi a wurare da yawa. Mu ma abin ya taɓa mu, don a ranar 25 ga Disamba 2009 wani matashi ɗan ƙasar nan, Umar Faruk Abdulmutallab, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya tashi daga Amsadam zuwa Amurka, Allah Ya tsare bai tashi ba, amma 'yan Nijeriya sun sha bincike a filayen jirgin duniya a dalilinsa. Yanzu wasu filayen jirgi a Ingila sun sami sabbin na'urori sun sassauta maganar ruwan, sai dai kada ki dogara da wannan, dokar filin da za ki tashi ita ce a kanki.

Abin takaicin, da a babban akwati muka sa su duk da sun wuce lafiya. Zuma da man shanu a ɗaure su da kyau a leda, turare kuwa an yarda da shi a can matuƙar kwalba ɗaya ba ta wuce rabin lita ba, duka kuma ba su wuce lita 2 ba, tamu ba ta kai rabin litar ba ma. Akasin haka kuma, abin cajin waya da muke kira fawa banki shi ba a yarda a sa shi a babban akwati ba, dole ya zauna a hannunki, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta, gara ya kama inda ido ke gani. Masu niyyar Umara ko Hajji kuma ku gaya wa tsofaffinmu su haƙura da goro, hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba.

To amma akwatunanmu sun riga sun shige. Zuma da man shanu da almakashi ba su dame mu ba. Da Amarya ta fahimci har da humrar, sai kawai ta durƙusa a wurin ta fashe da kuka mai cin rai, tana cewa, "Anti ki yi wa Allah, ta mahaifiyata ce, ta rasu." Mutanen da ke layi suka yi cirko-cirko. Na ga idon jami'ar ya kawo ruwa, amma ta girgiza kai. Gaskiya a lokacin na so in tsane ta, sai dai da na kwanta na yi tunani, in ta bar tamu don mun yi kuka, gobe mai mugun nufi ma ai ya iya kuka.

Ta ce, "Wanda ya kawo ku ya tafi?" Na kira Kawu jikina na ɓari, cikin ikon Allah ya tsaya sallar walaha a masallaci bai bar harabar ba. Ta yi magana da na gaba da ita, aka yarda a miƙa masa kayan. Sannan ta sunkuya ta ɗago Amarya ta ce, "Share hawayenki ƙanwata. Kwalbar ce doka ta hana, ba ta hana ki shafa turarenki ba."

Amarya ta ɗago jajayen idanunta ta dube ta. A hankali ta ɓare murfin da mahaifiyarta ta toshe, ta zuba a tafin hannu, ta shafa a wuya, ta shafa a bayan kunne, ta murza a gefen mayafinta, ta shafa wa ɗankwalin da aka naɗo kwalbar a ciki ta ninke shi ta mayar jaka. Ta ɗiga min a hannu, ta ɗiga wa jami'ar a bayan hannunta. Kafin ki ce me, ƙamshi ya cika wurin, har wata Hajiya a bayanmu tana tambaya ko ta sayarwa ce.

Kwalbar ta koma Gumel a aljihun babbar rigar Kawu, tare da man shanun Goggo, wadda har yau ba mu gaya mata gaskiya ba. Bayan wata uku wani abokin ango da ya zo hutu ya tafi da ita, a tsakiyar babban akwatinsa, Hajiya Kaka ta naɗe ta da zannuwa har biyu. Mu kuwa a ranar da muka sauka Alƙahira da dare, ango yana tsaye a wurin tarbar baƙi yana ta leƙe cikin jama'a. Da Amarya ta ƙaraso kusa da shi kanta a sunkuye, bai ce mata sannu da zuwa ba, sai ya lumshe ido ya ce, "Wannan ai ƙamshin ɗakin Inna ne."