Ƙahon Baba Saje

Ƙamshin Brasso nake fara tunawa, kafin ma fuskarsa. A zauren gidan hayarmu na Zangon Agege, inda hayaƙin gidan burodi yake haɗuwa da ɗanyen ƙamshin ganyen goro, Baba Saje yakan shimfiɗa buzu, ya buɗe wata adaka mai jan ƙyalle a ciki, ya fito da ƙahon Turawa mai maɓalli uku, ya bi kowanne ya ɗiga masa man keken ɗinki. A badujalar 'yan sanda ya ƙare ƙuruciyarsa. Ni kuwa, da farantin talla a ka, ko me ya tsayar da ni a ƙofar nan? Oho.

Da fari ko taɓa ƙahon bai bar ni na yi ba. Ɗan bakin kawai ya cire ya ba ni, in matse leɓe in yi ta hurawa har su yi suntum. "Ɗana, cika kumatu na mai algaita ne. Mu daga ciki iskarmu take tasowa."

Abin da ya fi koya mini ƙirge ne. Sai ya sa ni in rungume ƙahon, ƙafa tana buga ƙasa, jirgin Kano yana wucewa yana girgiza langa-langa, shi kuma ya kafa mini ido ko zan ɓata lissafi. Sai da girma ya zo, na ga taron makaɗa a MUSON ta Onikan: masu goge suna ta gumi, mai ƙaho yana can baya, leɓensa yana motsi, yana jiran gaɓarsa. Da ta zo, ya cika ɗakin.

Mahaifina bai so ba. A wurinsa busa ta masu kakakin Sarkin Hausawa ce, gadonsu ce, ɗan fatake ba ya roƙo. Baba Saje ya je har rumfa, ya durƙusa, ya miƙa takarda mai layi biyar-biyar da ɗige-ɗigen baƙi. "Alhaji, wannan ma karatu ne." Tsohona ya juya ta sama da ƙasa, ya ce to, bayan la'asar, ban da Juma'a.

Gwanin Baba Saje Victor Olaiya ne, wanda ya yi busa a bikin samun 'yanci na 1960, mai Stadium Hotel a Surulere. In ya ɗora faifansa a garmaho, ko tari ba a yi. Sanda Olaiya ya rasu a 2020, Baba Saje ya daɗe a ƙasa, ƙahon kuma yana hannun wani almajirinsa Bayarabe da ke busa a coci.

Ni goro na gada.