Wagadugu na auna fim, Sakkwato na jiran kasuwa

A nan Wagadugu, fim yakan tsaya gaban alƙalai kafin ya shiga kasuwa. Bikin FESPACO, wanda aka fara a 1969 kuma ake yi duk bayan shekara biyu, yana ba mai ƙaramin jari damar gogayya da manya, lambar Yennenga kuwa takan jawo masa masu rarraba fim da masu zuba kuɗi. Wanda ya fara cin ta a 1972 maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda na Nijar, da Le Wazzou polygame, labarin auren dole da kishi wanda ba baƙo ba ne a kowace unguwar Sakkwato. A gida kuwa, ma'aunin shi ne yawan masu kallo a YouTube da farin jinin jarumi. Matashin da ya shirya fim ba waƙa ba rawa, ko da aikinsa ya yi kyau, ba shi da dandalin da za a duba rubutunsa da ɗaukar hotonsa a ce masa sannu da aiki.

Za a ce bukukuwan nan Turawa ake farantawa, fim ɗin da ya ci lamba kuma ba ya mayar da uwar kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tallafin Faransa ya daɗe yana tasiri a finafinan wannan yanki. Amma The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, mai Hausa da Fulatanci, 'yan Afirka ne suka ba shi lambar gwarzon fim ta AMAA a 2020. Shaihu Umar na Adamu Halilu kuwa, wanda aka yi a 1976, ya ɓace wa masu kallo shekaru da yawa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin Berlin a 2018. Kasuwa ba ta adana fim. Biki da ma'ajiya ne ke yin wannan aiki.

Sakkwato ba sabuwa ba ce a harkar. Gwamnatin jihar ta sa hannu a Kanta of Kebbi na Halilu a shekarun 1970, kufan Surame na nan, tarihin Nana Asma'u kuma yana jiran mai kyamara. Abin da ya rage shi ne ƙaramin biki na shekara-shekara, mai alƙalai masu zaman kansu da kyautar da za ta isa fara sabon aiki. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da gwamnatin jiha su haɗa hannu su fara shi.