Shekarar da Ake Yi wa Wanka

Kowane harshe da aikatau ɗin da yake jingina wa shekara. A Hausa shekara takan kama, ta raba, ta zagayo. A garin Makunduci kuwa, can kudancin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, wanka ake yi mata. Bikin sabuwar shekararsu sunansa Mwaka Kogwa: mwaka shekara ke nan, koga yin wanka, ɗafin -w- kuma shi ke nuna cewa ita aka yi wa aikin.

Wani ɗalibin kimiyyar harshe, Bagobiri ɗan Tibiri, ya je Darussalam koyon Suwahilanci na wata uku. A cikin watan Yuli ya ƙetara Zanzibar, ya shiga ƙaramin jirgin katako mai inji zuwa tsibirin Cangu, tafiyar kamar rabin awa daga tsohon birni. Matuƙin jirgin dattijo ne, hira kuwa ba ta yi musu wuya ba, domin harsunan biyu daga rijiya ɗaya suka ɗebo. Inda Bahaushe ya ce labari, lokaci, littafi, mutumin Zanzibar habari, wakati, kitabu yake cewa. Hausa ta haɗiye al- ta Larabci tare da kalmar, Suwahilanci ya bar ta a baya.

A Cangu akwai gidan kurkuku da aka gina a 1893, wanda ba a taɓa rufe fursuna a cikinsa ba, sai aka mai da wurin zangon killace matafiya saboda shawara. Abin da ke kawo baƙi yau shi ne manyan kunkuran Aldabara, waɗanda wani yakan fi ƙato biyu nauyi. Guda huɗu gwamnan Ingila na tsibiran Seshel ya aiko da su kyauta a 1919. Suka hayayyafa har suka kai kimanin 200 a 1955, sannan ɓarayi suka sa musu hannu, kafin 1996 saura bakwai kacal. Sai da aka kewaye su da shinge, aka ƙaro wasu, aka sa masu gadi, kana suka farfaɗo. Ɗalibin ya miƙa wa wani tsohonsu ganye, yana duban shekarun da aka rubuta masa da fenti a ƙoƙon baya, ɗawisu na kai da kawowa a gefe.

A hanyar komowa wayar dattijon ta yi ƙara. Ya yi magana mai tsawo, ɗalibin bai tsinci komai ba sai kalma ɗaya nan, ɗaya can.

"Baba, wannan kuma wane harshe ne?"

"Ɗana, maganar gida ce. Kikae muke ce mata, ta mutanen Makunduci. Yayata ce take tambaya ko zan zo wankan shekara, ko kuwa birni ya cinye ni."

Ya ce ƴaƴansa da suka tashi a birni suna jin Kikae, amma da Kiunguja suke mai da amsa, karin da aka zaɓa a 1928 ya zama tushen daidaitaccen Suwahilanci. Daga nan ya gayyace shi, domin a al'adarsu abin kunya ne biki ya sami gida ba baƙo.

Bikin yakan faɗo a cikin watan Yuli, a yi kwana huɗu ana yi. Lissafinsa na rana ne, kwana 365, irin wanda manoma da matuƙan jiragen ruwa ke bi, ana kuma danganta asalinsa da Nairuzi na Farisa. Da safe a yi wanka a teku. Daga nan mazan arewacin gari da na kudanci su haɗu a fili, su yi ta tsala wa juna ɓawon itacen ayaba, wanda ya maye gurbin sandunan da. Manufar ita ce duk mai riƙe da wani a zuci ya sauke a nan, kada a shiga sabuwar shekara da tsohuwar gaba. Mata kuwa, cikin sababbin zannuwa, suna zagaya fili da waƙoƙin soyayya da na habaici. A ƙarshe boka ya cinna wa wata bukkar ganyen kwakwa wuta, a dubi inda hayaƙi ya nufa a faɗi yadda shekara za ta kasance. Wasu malamai na ƙyamar wannan ɓangaren, mutanen gari kuma ba su fasa ba.

Shi ɗalibin ba dukan ne ya tsaya masa a rai ba. Ɗan dattijon, saurayin da tun a mota bai furta kalmar Kikae ko ɗaya ba, da ɓawon ayaba ya sauka a gadon bayansa sai ya juyo ya zazzaga wa abokin karawarsa magana da karin kakanninsa. Harshen na nan kwance a ƙirjinsa, wurin amfani da shi ne ya ƙaranta, har ya koma kwana huɗu a shekara. Kunkuru ana iya kewaye shi a ba shi ganye ya rayu. Karin harshe kuwa sai da fili, da abokin faɗa, da wadda za ta yi habaici.

Bagobirin ya san wannan hali daga gida. Tun yana lise a Maraɗi lahiya ta koma masa lafiya, biyat ta koma biyar, ɗiya ta koma ƴa, saboda Kananci ne ke cikin littafi da rediyo. Ya lura kuma cewa Gobirancinsa ba ya fitowa tsantsa sai ran cika-ciki, goma ga watan Muharram, lokacin da taubasai ke zuwa karɓar shara ana tsokanar juna ba mai fushi.

Da ya komo Yamai ya sauya batun kundinsa na masta, daga aron kalmomin Larabci zuwa kalaman wasan taubasantaka a Gobir. Mai duba aikinsa ya gargaɗe shi cewa irin wannan magana ba a samun ta da takardar tambayoyi, sai an jira ranarta. Ya jira. Ran cika-ciki ya ajiye na'urar ɗaukar murya a gindin turmi a gidan kakarsa, ya ɗauki awa uku. Da tsohuwar ta gane abin da yake yi, ta ce in dai zai kai zagin taubasanta jami'a, to ya fara biyan shara, jika biyat.