Bukin Shekara Guda A Bosso

A al'adarmu ta Hausawa bukukuwan da a ke yi wa yaro sanannu ne. Ran bakwai a yanka rago, a raɗa suna, wanzami ya yi aski. Bayan wannan sai yaye, sai kaciya, sai saukar karatu. Amma a ce yau yaro ya cika shekara guda, a tara jama'a a kunna kyandir, wannan baƙon abu ne, daga Turawa ya zo mana. Ina so in ba 'yan'uwana labarin wanda aka yi a gidan ƙanwata cikin hutun nan da ya wuce, da gardamar da ya jawo.

Ga wanda bai san Bosso ba, tana nan gefen Minna, in ka kama hanyar Zungeru. Asalinta garin Gbagyi ne, waɗanda mu ke ce wa Gwari. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama hedkwata, aka kuma buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983, sai wurin ya cika da baƙi. Gidan hayar da ƙanwata ke ciki, ga Banufe, ga Bayarabe, ga Ibo, rijiya ɗaya su ke ja. A wurinsu ta ga wannan buki.

To, ƙanwar nan tawa ta haihu sau biyu kafin wannan, ba wanda ya zauna. Na fari ƙyanda ta ɗauke shi yana wata takwas, saura wata guda a yi masa allurarta. Ta biyu kuwa zazzaɓin cizon sauro ne, cikin damina, ko zama ba ta fara ba. Da aka sami na uku, Goggo, watau ƙanwar mahaifinmu, ta ce ɗan wabi ne, ta laƙaba masa irin sunan nan da a ke ba su, su Ajuji da Ayashe, wai don mutuwa ta ga ba a damu da shi ba ta wuce. Uwar ba ta ce kome ba, amma kowace allura da ke cikin katin asibiti sai da ta kai shi: ta ran haihuwa, ta mako shida, da goma, da sha huɗu, har ta wata tara.

Da lokaci ya matso ta ce mini, "Yaya, ni fa sai na yi wa yaron nan buki."

Da Goggo ta ji, ta aiko aka kira ni. Ta ce, "Kai da a ke koya wa malanta, ashe ba za ka faɗa mata gaskiya ba? Ɗan da a ke ɓoyo, shi za a ɗora bisa tebur kowa ya zuba masa ido? Ba ku tsoron kambun baka?" Mijin kuma nasa daban. Ya ce har yanzu bai gama warkewa daga kuɗin ragon suna ba, ga shi kuwa wani malami a unguwa ya ce abin bidi'a ne.

Jama'a, kada wani ya yi wa Goggo dariya. 'Ya'ya tara ta haifa, huɗu ta raya. A zamaninta agana na shiga gari ta yi shara, sai a 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya. Shan inna ma sai a 2020 aka ba da shaidar cewa ƙwayarta ta asali ta ƙare a Afirka. Har wa yau abin da sauransa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 67 ba su kai shekara guda, 132 kuma ba su kai biyar. Wanda ya ga irin wannan da idonsa, in ya ƙi ƙidaya kwanakin jariri, ba jahilci ba ne, zuciya ya ke lallashi. Amma ni a ganina wannan lissafi shi ne hujjar ƙanwata. Ba wanda ya san tsawon wata goma sha biyu kamar matar da sau biyu ta fara ƙidaya ba ta kai ƙarshe ba.

Aka yi ta ja, har aka raba gardama. Da safe aka toya waina aka raba wa almajirai sadaka, malamai uku suka zo suka yi addu'a, har da wanda ya ce bidi'a ce, don ya ce sadaka da godiya ga Allah ba su da ranar da aka hana. Da la'asar aka jera kujerun roba a tsakar gida. Aka yi dafa-duka da zoɓo. Matar Bayaraben ta kawo kek, maƙwabciyarmu Bagwariya ta sauke doya biyar daga kafaɗarta, don ku san su ba su ɗaukar kaya a ka. Yara suka rera waƙar Turawa, kowa da irin tasa muryar. Mai bukin fa? Da ya ga wutar kyandir sai ya kai hannu zai kama, aka janye shi, ya tsala ihu. Kek ɗin ma tofar da shi ya yi, ya koma ga nono. Kai, in don shi ne, da ba a ɓata ko kwabo ba!

Akwai abin da ya shafe mu, mu masu shirin koyarwa. Na tambayi Goggo shekarunta, ta ce ita dai tana goyon ɗanta na biyu aka canja kuɗi, watau 1973, sa'ad da naira ta maye gurbin fam. Malaman da suka ɗauki yara a 1976, lokacin ilmin firamare kyauta, sun ba mu labari sai su sa yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunne, in ya kai a rubuta shi shekara shida. Har gobe za ka ga rajistar aji rabin yaran wai ran 1 ga Janairu aka haife su. Uwar da ta yi wannan buki ko sau ɗaya ba za ta manta da ranar ba, ga kuma takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya da ƙanwata ta adana cikin akwati tare da katin allura. Saura guda a katin, ta ƙyanda ta biyu, a wata goma sha biyar.

Goggo ba ta fito tsakar gida ba sai da baƙi suka ragu. Ta karɓi yaron, ta tofa masa addu'a a ka, ta ɗaura masa wani ɗan laya a wuya, uwar na kallo ba ta hana ba. Aka miƙa mata kek, ta ɗanɗana ta ce sukari ya yi yawa. Sa'an nan ta dubi ƙanwata ta ce, "Ke, wannan duk wasan yara ne. Baɗi in Allah ya kai mu, ranar yaye, gidana za a kawo shi, ni zan dama masa kunu."