Kujerar Ƙarshen Sahu

Wata bakwai na yi ina salla a kan kujera. Farar kujerar roba ce, irin wadda ake haya a gidan biki, ana jingine ta a bangon masallacin unguwarmu a Birnin Kebbi. Mu uku ne masu kujera: wani dattijo da ya yi ritaya tun ina firamare, wani tsohon direba da ya taɓa karyewa a cinya, sai ni, mai shekara 43, ko furfurar kirki ban tara ba. In liman ya yi kabbarar sujada, sahu gaba ɗaya ya zube ƙasa, sai a bar mu a sama kamar kututture a gonar da aka girbe. Na san addini ya yi wa marar lafiya rangwame, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Duk da haka abin yana ci mini rai. Ban san goshi yana kewar ƙasa ba sai da nawa ya yi wata bakwai bai taɓa tabarma ba.

Ciwon ba rana ɗaya ya zo ba. Shekara 15 na yi ina zaune gaban kwamfuta a ofis, in na tashi kuma in hau babur. Ranar da abin ya bayyana, buhun shinkafa 'yar gida aka aiko mana daga Argungu, na sunkuya zan shigar da shi ɗaki, sai na ji kamar an soka mini allura a ƙugu. Daga nan aka shiga neman magani. Na sha ƙwayoyin kemis har suka fara ƙona mini ciki. Na je wurin mai ɗori, wanzami ya yi mini ƙaho, an shafa mini man da ban san sunansa ba. Sai da na gaji na je asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ce babu karaya, aka tura ni sashen masu gashi da motsa gaɓoɓi.

Ma'aikaciyar da na tarar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta ce, “Malam, bayanka ya manta da motsi ne, kai kuma tsoro ya sa ka ƙara ɗaure shi.” Ta nuna mini motsi uku. Na farko in durƙusa da hannuwa da gwiwoyi, in gantsare baya sannan in tanƙwara shi sama, kamar mage ta tashi daga barci. Na biyu in zauna a kan dugadugaina in miƙa hannuwa gaba. Na uku in kwanta rub da ciki in ɗaga ƙirji a hankali, kamar gamsheƙa. Ta ce daga yoga aka samo su, kuma tun 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da shawara cewa mai daɗaɗɗen ciwon baya ya fara gwada motsa jiki, har da yoga, kafin a kai ga ƙwayoyi. Ta gargaɗe ni: in ciwo ya sauko ƙafa ko ƙafar ta mutu, in tsaya in dawo.

Ni dai abin da na sani game da yoga bai wuce na fina-finan Indiya ba: wani tsoho mai dogon gemu ya harɗe ƙafafu a kan dutse ya rufe ido. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mako uku da farawa na ji sauƙin da ƙwayoyi ba su ba ni ba. Sai zaƙewa ta zo. Na shiga YouTube, na samu wani jerin motsi 12 da ake yi a jere, a tsaya, a ɗaga hannuwa, a sunkuya, a kwanta, a tashi. Mai koyarwar ya ce da sassafe ake yi, ana fuskantar gabas. Ban ga aibu ba. Mu da kullum gabas muke kallo sau biyar? Sai na riƙa shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan na dawo daga asuba, daidai lokacin da rana ke ɓullowa.

Katangarmu gajeriya ce. Wata rana da yamma 'yata ta dawo daga Islamiyya tana kuka. Uwarta ta lallashe ta har ta faɗi abin da ya faru: yara sun ce babanta yana bautar rana. Da dare uwar yaran ta zauna a bakin gado ta ce, “Baban yara, ni na san ba haka ba ne. Amma don Allah kai ka san abin da kake yi?”

Wannan tambayar ta hana ni barci, domin gaskiyar magana ban sani ba. Na ɗauki waya na fara bincike, abin da na gani ya sa gumi ya karyo mini. Sunan wancan jerin motsin Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwa ga rana, kuma a addinin Hindu Surya abin bauta ne. Ni kuwa na tsaya ina yin sa a daidai lokacin da aka hana mu ko nafila, don kada mu yi kama da masu yi wa rana sujada. Yaran unguwa ba su san Sanskirit ba, amma idonsu bai yi musu ƙarya ba.

Na ci gaba da karatu. Kalmar yoga daga wani tushe take mai ma'anar haɗawa, kamar yadda karkiya ke haɗa shanun huɗa. Wani malaminsu na da, Patanjali, ya kasa ta kashi takwas, kuma motsa jiki da sarrafa numfashi biyu ne kawai a ciki. Sauran tarbiyyar hali ce da tattara tunani bisa fahimtarsu ta rai. Na ga kuma ba ni ne Musulmin farko da ya tsaya a wannan mararraba ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na ambato da bauta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ake haɗawa da ambaton addinin Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. A 2017 Saudiyya ta amince a koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tun 2014 ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta. Na ajiye wayar kaina ya ƙara kullewa.

Da safe na tafi zauren malamin da na yi karatun littattafai a gabansa. Na kwashe komai na faɗa masa, ban rage ba. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, “Me kake faɗa in kana yi?”

“Allah gafarta Malam, ba na cewa komai. Mai koyarwar dai yana wani dogon sauti a farko, ni ba na bin sa.”

“Wa kake nufi da sunkuyon?”

“Bayana, Malam.”

Ya yi murmushi. Ya ce niyyata ta wanke ni a wurin Allah in sha Allahu, amma niyya ba ta mayar da kowane aiki halal, kuma mumini ba ya tsayawa a wurin zargi. Wancan mai sunan rana in bar shi gaba ɗaya, in bar lokacin, in bar sautin. Miƙar da likita ta ba ni kuwa magani ce, jiki amana ne. Ya tuna mini cewa Malam Abdullahi na Gwandu, wanda a ƙasarsa muke zaune, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki wuri guda. Har na yunƙura zan tashi ya ce, “Ka ce suna neman natsuwa da ita. Kai da ka karanta Ahalari a nan, natsuwa a salla mece ce?”

Na ce, “Farilla ce, Malam.”

Ya ce, “To, kafin ciwon, kana cika ta?”

Ban amsa ba, shi ma bai jira amsa ba.

Bayan mako biyu, cikin hunturu, na tafi Argungu gaida mahaifina. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba, amma na daɗe ban yi ta ba saboda zama yana wahalar da ni. Baba masunci ne, ɗan masunta. Yana saurayi ya sha shiga Matan Fada da homa da gora ranar babban su, kuma a wasannin Kabanci an san shi da daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Ya ga bikin a lokacin da yake tashe, ya kuma ji daga bakin iyayensa yadda aka faro shi a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu aka binne tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato. Yanzu ya haura 80, amma har yau a ƙasa yake zama, ya kuma tashi ba tare da ya dafa kowa ba.

Da hantsi na shiga ɗaki na fara miƙata. Ban ji shigowarsa ba sai muryarsa.

“Kai, mi kaka yi haka kamar kwaɗo?”

“Baba, magani ne. Motsa jiki ne na mutanen Indiya, da jan numfashi.”

Ya zauna a bakin ƙofa ya ce in ja ya gani. Na cika ƙirji da ƙarfi, kafaɗuna suka ɗaga. Ya girgiza kai.

“Wanga ba numhwashi ba ne, haɗama ce. Wanda ya shiga ruwa da tsoro, iskarshi ta ƙare tun bai kai ƙasa ba. Mu kahin mu nutse sai mun zamna bakin gulbi mun lallashi zucciya. Ka ja a hankali har ciki ya taso, ka saki a hankali, sakin ya hi jan tsawo. In zucciya ta kwanta, ruwa ya zan ɗaki.”

Ya ɗora tafin hannunsa mai kaushi a cikina, ya ce in tura hannun da iska. Rabon da Baba ya taɓa jikina tun ina yaro yana koya mini iyo. Muka yi ta yi, yana ƙirga mini. Abin da masu bidiyo suka yi ta bayani da dogon Turanci, cewa dogon sakin numfashi yana rage bugun zuciya, ga shi a bakin tsohon da bai taɓa riƙe babbar waya ba. Na ba shi labarin cewa a ƙarshen 2016, a taron hukumar UNESCO a Addis Ababa, zama ɗaya aka yi aka sa bikin kamun kifin Argungu da yoga cikin jerin al'adun gado na duniya. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe su ma suna da gulbi. Sannan ya ce, “Kai tun kana yaro gaggawa gare ka. Sallarka ma kamar kaza na tsintar hatsi.”

Mutum biyu ke nan cikin wata guda suka faɗa mini magana ɗaya, kuma babu wanda ya san ɗayan ya faɗa.

Na dawo Birnin Kebbi na sake tsari. Minti 15 bayan isha'i, a cikin ɗaki, motsin nan uku da wasu biyu da ma'aikaciyar asibitin ta ƙara mini, sai numfashin Baba. Ba sauti, ba gaisuwa ga kowa. A kan kujerar masallaci kuma na fara yin abin da ban yi ba ina da lafiya: in tsaya a kowane rukuni har gaɓoɓina su zauna, in saki numfashi kafin in ɗago. Sai na gane shekara da shekaru jikina ne ke zuwa masallaci, ni ina ofis, ina kasuwa, ina lissafin kuɗin makaranta.

Ba zan ce yoga ta gyara mini ruhi ba. Wanda ya gaje ta a Indiya zai iya cewa abin da nake yi ba yoga ba ne, ɓawonta ne, kuma ba zan yi masa musu ba. Shi ya san abin da yake nema a cikinta, ni ma na san inda nake neman nawa. Ina kuma da aboki, mai ilimi ne, da har yau yake ganin barin ta dungurungum ya fi, tunda tafiya da iyo ma motsa jiki ne. Ina girmama ra'ayinsa. Abin da zan iya shaida kawai shi ne wannan: miƙar ta sassauta mini baya, numfashin ya koya mini tsayawa, tambayar matata kuma ta koya mini kada in sake kwaikwayon abin da ban san sunansa ba.

Wata asuba, kusan wata uku da dawowata daga Argungu, na shiga masallaci na ɗauko kujerar kamar kullum. Na tsaya riƙe da ita, sai na mayar da ita jikin bango, na shiga tsakiyar sahu. Da aka yi kabbarar sujada na sauka a hankali, gwiwa, hannu, sannan goshi. Tabarmar tana da sanyi, tana ƙanshin ƙurar hunturu. Liman ya ɗago, sahu ya ɗago, ni sai da na ƙara numfashi ɗaya.

Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. In na yi kwana huɗu ban miƙe ba yakan aiko mini da gaisuwa. 'Yata, wadda ta yi kukan nan, yanzu ita ke shimfiɗa mana tabarma da dare, ta durƙusa a gefena tana miƙar mage tana dariya. Kujerun masallaci kuma sun koma biyu. Ni nake ɗauko wa dattijon tasa kowace asuba, in ajiye masa a ƙarshen sahu, sannan in nemi wuri kusa da shi.