Daga Zongo Zuwa Ganvie: Kafin In Sa Hannu a Takardar Yarona

Wata ranar Juma'a, muna saukowa daga babban masallacin Zongo, ɗana mai shekara 13 ya miƙo mini takarda. 'Yan sikawut ɗin makarantarsu za su shiga kwale-kwale zuwa Ganvie, su dawo su kwana biyu a tanti a Abomey-Calavi, ana neman sa hannun uba. Da muka isa gida, mahaifiyarsa ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Alhaji, ba da ni ba wallahi. Ka manta yaran Bagwai?"

Ban manta ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne lodin da ya wuce ƙima. Amma akwai wata gaskiyar da mu 'yan kasuwar Zongo ba mu cika faɗa ba: mu mutanen tudu ne, 'ya'yanmu kuwa a tsakiyar ruwa suke tasowa. Kwatano teku ne ta kudu, tafkin Nokoué ta arewa, ga mashigin da Faransawa suka haƙa a 1885 ya raba garin biyu. Yaron da aka hana zuwa da malamai, wata rana zai je da abokai, babu wanda ya sani. Sai na ce mata gani ya kori ji, bari in je da kaina.

Da sassafe na hau zemijan daga Zongo, na nufi tashar jiragen ruwa ta Calavi. Nan mata ke sauke kwandunan kifi, ƙarnin ruwa da hayaƙin inji sun cika wurin. Daga nan zuwa Ganvie kusan kilomita 8 ne. Garin a kan ruwa yake, gidaje bisa dogayen turaku. Kakannin mutanensa, 'yan ƙabilar Tofinu, sun shiga tafkin ne ƙarnoni da suka wuce don tserewa masu farautar bayi. Kasuwarsu ma cikin kwale-kwale take ci. Na ga yarinyar da ba ta kai shekara goma ba tana tuƙi ita kaɗai, ni kuwa na ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu. Sai na tuna da Sarkawan Yawuri da Argungu. Ashe ruwa ma sana'a ce, koyonta ake yi.

Mai jirgin da ya ɗauke ni dattijo ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan ta ciniki. Ya zura gorarsa cikin ruwa ya nuna mini.

"Alhaji, ba zurfi sosai. Amma ƙasan laka ne, yana riƙe ƙafa."

Ya nuna mini akaja, wato rassan itace da masunta ke kakkafawa cikin ruwa don kifi ya taru. Wanda ya faɗa kansu zai ji ciwo, wanda bai san hanya ba zai maƙale. Ya ce da safe tafkin lafiya lau yake, da rana ta karkata iska ke tasowa. Lokacin da kogunan Ouémé da Sô suka kawo ruwa, wajen Satumba zuwa Nuwamba, ciyawar ruwa mai kama da kainuwa takan toshe hanyoyi. Daga Afrilu zuwa Yuli kuma babbar damina ce, hadari na iya haɗowa ba sallama. Tafiyar yara dai ta rani ce, a fita da hantsi, a dawo kafin la'asar.

Da na dawo, na nemi shugaban yaran, wanda suke kira shef. Na zauna da shi a shagona, na jera masa tambayoyi. Kowane yaro yana da rigar kariya daga nutsewa daidai jikinsa, mai ɗauri, ko guda biyar ne za a ajiye a gaban jirgi don ado? Mutum nawa jirgin ke ɗauka, kuma nawa za a zuba? Manya nawa ne suka iya ruwa? Wa ya san waɗanne yara ne ba su iya ba? Ya amsa wasu, ya yi shiru a kan riguna: ba su kai yawan yaran ba. Mu iyaye shida muka yi karo-karo aka yi hayar sauran. Muka kuma yi sharaɗi: a ƙirga yara wajen shiga da wajen fita, babu tsayuwa cikin jirgi, babu ɗaukar hoto a gefe, a bar mana lambar mai jirgi, kowane babba ya riƙe 118, lambar 'yan kwana-kwana.

Shirin kwana kuwa uwarsa ce ta karɓe shi, ita da ta ce ba da ita ba. Gidan sauro ta fara sakawa, don sauron bakin tafki ba ya wasa. Sai riga mai dogon hannu, hula, tocila, sabulu, buta da dardumar salla. Ruwan tafkin ba na sha ba ne, da rani ma gishiri gare shi, don haka ta haɗa masa ruwan leda. Ga garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino da kilishi, kada ya ci abin da bai san yankansa ba. Kayan sawa da waya duk cikin leda, an ƙulle baki. Ta rubuta sunansa da lambata a takarda ta cusa a aljihun jaka.

Daren tafiya ta zaunar da shi.

"Ko shef ya cire tasa rigar, kai kada ka cire. Ka ji ko?"

"Na ji, Mama."

Muka yi masa addu'a, na sa hannu. Tawakkali gaskiya ne, amma sai an ɗaure raƙumi tukuna.

Ranar Lahadi da yamma ya shigo gida, fuska ta yi baƙi da rana, tafin hannu duk kanta. Bai ko ajiye jaka ba ya fara koya wa ƙannensa yadda ake riƙe filafili, da muciyar uwarsu.